Minna, Garin Da Ke Cin Gonakinsa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Na daɗe ina jin ana cewa Minna ta bunƙasa, amma ban tabbatar ba sai a ƙarshen daminar nan da ta wuce, sa'ad da wata hidima ta kai ni can na yi kwana huɗu. Muka taso daga Suleja da hantsi, muka bi ta Lambata, muka doshi Paiko. Duk inda mutum ya duba a bakin hanya sai doya, an tsiba ta ƙwarya-ƙwarya, watau ɗari-ɗari, ga dillalai suna tsallaka titi da gudu suna tarar motoci. Matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, suna fitowa daga gona jere da juna, kowace da kayanta a kafaɗa kamar yadda suka gada. Can baya kuma ga sababbin tsibin doya na shekara mai zuwa, an jera su reras, ƙasa ja wur, har iyakar ganin mutum.

Da muka bar Paiko muka kusato Chanchaga sai abin ya fara sakewa. Tsakanin tsibin doya sai ka ga turken siminti irin na 'yan safiyo ya leƙo. Gaba kaɗan ka ga an jibge yashi da bulo. Gaba kuma ka ga katanga ta kewaye fili, ba gida a ciki, an rubuta a jikinta da jan fenti cewa wannan fili ba na sayarwa ba ne. A wani wuri na sa direba ya tsaya, domin na ga abin da ya ɗaure mini kai. An haƙa harsashin gida mai ɗaki huɗu, an ɗora bulo sahu uku, aka tafi aka bar shi, a cikin kowane ɗaki kuwa ga dawa ta yi kai tana jiran girbi. Mai gona ya sayar, mai saye bai shirya gini ba, shi ya sa aka bar wa tsohon mai wurin ya ci amfanin shekara guda ko biyu kafin a sallame shi. Wannan dawa ita ce ta sa na ajiye rabin hidimar da ta kai ni, na shiga tambayar yadda gari yake cin gona, da kuma abin da doka ta ce a kan haka.

Kafin mu shiga maganar doka, ya kamata mai karatu ya san asalin garin. Minna ƙasar Gbagyi ce, mazauninsu na farko kuwa yana bisa dutsen Paida, wanda har yau yake tsaye ya leƙo garin. Masu tarihin baka suna cewa sunan ya samo asali daga kalmar Gbagyi mai nufin yaɗa wuta, saboda wata al'ada ta shekara-shekara da ake kashe wutar gidaje a rarraba sabuwa. Abin da ya sauko da gari daga kan dutse zuwa fili shi ne jirgin ƙasa. Turawa sun shimfiɗa hanyar dogo daga Baro, a bakin kogin Kwara, ta biyo ta Minna, ta isa Kano a 1911. Hanyar da ta taso daga Ikko ta bi ta Jebba da Zungeru ita ma a nan ta zo ta haɗu da ita. Daga nan sai leburori da fatake da ma'aikatan reluwe suka yi ta sauka, Hausawa da Nufawa da Yarbawa da Ibo, unguwanni irin su Limawa da Kwangila da Sabon Gari da Ƙetaren Gwari suka kafu.

Duk da haka Minna ba ta wuce garin tasha da hedkwatar lardi ba, sai a watan Fabrairu na 1976, sa'ad da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja daga tsohuwar Jihar Arewa Maso Yamma, aka mai da ita babban birni, aka naɗa Murtala Nyako gwamnan soja na farko. A wannan shekara kuma aka yanke shawarar mai da babban birnin tarayya Abuja, mafi yawan ƙasar da aka yanka kuwa daga Jihar Neja ta fito, har tsohuwar Abuja ta bar sunanta ta koma Suleja. Ka ga ke nan tun daga ranar farko Gbagyi sun san abin da ake nufi in an ce gwamnati tana bukatar ƙasa. Daga baya aka gina madatsar ruwa ta Tagwai, aka yi filin jirgin sama a Maikunkele, aka buɗe Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 1983. Ta fara zama a Bosso, kana aka ba ta mazaunin dindindin a Gidan Kwano, kan hanyar Bida, fili mai faɗin sama da hekta 10,000. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abin alheri ne, kowane ɗaya kuwa a kan gonar wani aka kafa shi.

Ba a bar garin ya girma kara zube ba tun farko. Gwamnati ta ɗauko kamfanin Max Lock, wanda ya tsara Kaduna a 1967, ya zana wa Minna babban tsari wanda aka nufa ya yi aiki daga 1979 zuwa 2000. A irin wannan taswira akan raba gari shiyya-shiyya: nan gidaje, nan kasuwa, nan masana'antu, nan ofisoshi, nan kuma sarari. Sai dai wa'adin taswirar ya cika, garin kuwa bai tsaya jiranta ba. Duwatsun da suka tokare shi ta gabas da arewa sun hana shi yaɗuwa daidai wa daida, sai ya miƙe yana bin manyan hanyoyi, daga Chanchaga har Maikunkele, ya kuma kwarara kan hanyar Bida. Kpakungu da Barkin Sale da Sauka Kahuta da Fadikpe, waɗanda dattawan garin suka sani da gonaki da ƙauyuka, yanzu unguwanni ne maƙil da mutane, galibinsu kuwa gini ya riga safiyo isa can.

To, me doka ta ce? A Arewa maganar ta daɗe. Tun 1910 Turawa suka yi shelar cewa ƙasar Arewa duka tana hannun Gwamna a madadin jama'a, Gwamnatin Jihar Arewa kuma ta sabunta wannan a dokar mallakar ƙasa ta 1962. A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta fito da Dokar Amfani da Ƙasa, ta shimfiɗa wannan tsari a Nijeriya baki ɗaya. Aka kuma dasa ta a cikin tsarin mulki na 1979, aka maimaita a na 1999, yadda ba a iya taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran tsarin mulki. Dokar ta raba ƙasa gida biyu. Ƙasar birni tana hannun Gwamna, shi ke ba da takardar izinin zama a kanta. Wadda ba ta birni ba tana hannun Ƙaramar Hukuma, wadda aka yarje mata ta ba mutum har hekta 500 don noma, ko hekta 5,000 don kiwo, ba sai ta nemi amincewar Gwamna ba.

Wanda ya karanta sashe na 36 na wannan doka zai ce lalle manomi ya sami gata. Sashen ya ce wanda dokar ta tarar yana noma ƙasar da ba ta birni ba zai ci gaba da nomansa kamar an ba shi takarda. Ya kuma hana a yayyanka irin wannan ƙasa fuloti-fuloti, ya hana a sayar da ita, ya ce wanda ya karya za a ci shi tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara ɗaya. A 1978, lokacin da Naira ta fi Dalar Amurka daraja, wannan tara tana iya karya attajiri. Yau ba ta sayen buhun siminti guda, ba a kuwa sake ta ba. Sashe na 6 ya ƙara da cewa idan Ƙaramar Hukuma ta karɓe gonar mutum, wajibi ne ta ba shi wata gonar a madadinta. Manoma nawa ne suka san da wannan?

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tana sashe na 3, wanda ya ba Gwamna ikon ya ayyana kowane yanki a matsayin birni ta hanyar sanarwa a jaridar gwamnati. Da zarar layin birni ya tsallake gonarka, ta fita daga hannun Ƙaramar Hukuma, ta koma ƙasar da ake jira a yanka. Watau kariyar da aka yi wa gona tana da ƙarfi a can nesa, inda ba mai neman filin gini, tana kuma narkewa a bakin gari, inda ake bukatarta. Sashe na 28 ya ba da ikon karɓe kowace ƙasa domin amfanin jama'a. Sashe na 29 kuwa, mai maganar diyya, yana biyan abin da ke kan ƙasa: gini, da itatuwan da aka dasa, da amfanin da ke tsaye, bisa ƙimar da jami'in gwamnati ya yanke. Ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta, sai dai a mayar wa mutum kuɗin hayar shekarar in yana biya, domin a idon doka ba ta manomi ba ce balle a saya a hannunsa.

A rana ta uku na bi hanyar Bida, na wuce shataletalen Kpakungu, na doshi Gidan Kwano. Gefen hanya duk ɗakunan haya ne na ɗalibai, da shaguna, da masu buga bulo. Na ratse ta wata 'yar hanya na sami wani dattijo Bagware a gindin kaɗanya yana gyara ƙotar fartanya. Muka gaisa da Hausa, wadda ya iya sarai. Na ce, “Baba, gonar nan taka ce?” Ya yi murmushi ya ce, “Ɗana, daga nan zuwa waccan ɗorawa tawa ce bana. Baɗi kuwa Allah ne masani.” Ya nuna mini ɓangaren da ya riga ya sayar, inda aka kafa turaka huɗu. Na tambaye shi dalili. Ya ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ya ga waɗanda aka karɓi gonakinsu aka ƙirga musu tsibin doya da bishiyoyin mangwaro aka biya su, kuɗin ya ƙare kafin wata damina. Ya ga kuma waɗanda suka riga suka sayar wa dillalai, suka yi rufin kwano, suka sa 'ya'ya makaranta. Ya ce, “In kai ne, wanne za ka zaɓa?”

Ban sami amsar da zan ba shi ba, gama lissafinsa daidai ne. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 100 ne a tsaye, ƙafa 50 a kwance. Hekta ɗaya tana fitar da wajen ashirin irinsa in ba a cire hanya ba, sau da yawa kuwa ba a cirewa, shi ya sa za ka shiga wasu sababbin unguwanni ka tarar da lungun da mota ba ta shiga. Kuɗin fuloti ashirin a bakin gari, ba doyar da za ta kawo shi cikin shekaru masu yawa. Saboda haka dokar da ta ƙi biyan manomi darajar ƙasarsa ita ce take ingiza shi ya sayar da wuri, da takardar yarjejeniya da sa hannun shaidu da mai unguwa, tun gwamnati ba ta iso ba. Mai saye kuma ya kewaye, ya jira daraja ta hau. Ƙasa ta fita daga noma, ba ta kuwa shiga gini ba, sai ciyawa da macizai.

Dattijon ya ƙara mini da wani abu da ban yi tunaninsa ba. Doya ba ta son a maimaita mata wuri. A dā manomi yakan noma doya a sabuwar ƙasa, ya bi ta da dawa ko masara, kana ya bar wurin ya zama saura shekaru kafin ya dawo. To, saura a idon mai safiyo fili ne da ba kowa, a idon mai ƙirga diyya kuma ba amfani a tsaye balle a biya. Don haka yanzu ba mai barin gonarsa ta huta a kusa da gari. Ƙasa ta gaji, taki ya yi tsada, doya ta ƙanƙance. Matan da ke tsintar 'ya'yan kaɗanya da ɗorawa don man kaɗe da daddawa su ma sun yi hasara, domin in an sayar da fili ba a tambayarsu, bishiyar kuwa ita ake fara sarewa.

Wani zai ce, ina abin damuwa? Jihar Neja ce ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, murabba'in kilomita sama da 76,000, mutanenta kuwa a ƙidayar 2006 ba su cika miliyan huɗu ba. In gari ya ci gona, manomi ya matsa gaba mana. Wannan magana tana da daɗin faɗi a ofis. Amma ba kowace ƙasa ce gona ba, ba kowace gona ce kuma take kusa da kasuwa ba. Fadamun da ke bin kogin Chanchaga da rafukan da suka ratsa gari su ne ke ba Minna alayyafo da tumatir da rake da shinkafa ba tare da kuɗin mota ba. In an cike fadama an yi gini, an yi hasara biyu: lambu ya tafi, ruwa kuma ya rasa makwanci ya shiga ɗakunan mutane. Manyan magudanan kankare da aka gina wa garin a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida shaida ne cewa Minna ta san ambaliya.

Sa'an nan ina gaban da za a matsa? Ƙananan Hukumomin Shiroro da Munya da Rafi da Mariga, waɗanda suke cikin rumbunan jihar, sun sha fama da 'yan bindiga. A watan Afrilu na 2021 gwamnan wancan lokaci, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure, cikin Shiroro. Dubban manoma sun bar ƙauyukansu sun nufo Kuta da Gwada da Minna. Watau a daidai lokacin da gari yake tura manomi waje, tsoro yana turo shi ciki, gonar bakin gari ta zama ita ce mafi aminci, ita ce kuma take ƙarewa. Makiyayi ma haka. Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965 ta tanadi makiyaya irin ta Bobi da ke Mariga, amma burtalin da shanu za su bi su kai ga ruwa a kewayen gari, katanga ta datse da yawansu. In saniya ta rasa burtali gona za ta shiga, abin da ke biyo baya kuwa kowa ya sani.

Kakanninmu ba su jahilci wannan al'amari ba. Wanda ya dubi ganuwar Kano ko ta Zariya ko ta Katsina zai ga ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. An bar gonaki da fadamu masu faɗi a cikin badala da gangan, domin in an yi wa gari ƙawanya ya ci daga cikinsa, matafiya irin su Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, sun gani sun rubuta. Kalmar hurumi ma tamu ce. A Ingila an yi dokar kewaye London da koren fili a 1938, dokar tsara garuruwa ta 1947 kuma ta sa ba mai mai da gona gida sai da izini, har yau kuwa ana noma a bakin wannan babban birni. A Jihar Oregon ta Amurka, tun 1973 aka wajabta wa kowane gari ya ja iyakar da gini ba zai tsallake ba. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun kafa dokar karkara a 1993, da kwamitocin ƙasa har matakin ƙauye, masu rubuta gonaki da burtali. Amma akwai darasi na biyu a can: koren daji da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, fuloti ya cinye babban ɓangarensa. Layi a takarda ba ya tsare kansa.

Abin da ya rage shi ne a tambayi wa ke da wuƙa da nama. Gwamnatin Tarayya ta yi dokar tsara birane a 1992, amma a 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai, ta yanke cewa tsara gari aikin jihohi ne. Saboda haka ba sai an jira Abuja ba. Jihar tana da hukumar raya birane, tana da ofishin taswirar filaye na zamani, Gwamna Mohammed Umaru Bago kuma, wanda ya hau a 2023, ya ɗauki noma a matsayin tutar mulkinsa. Ga shawarata, a matsayin baƙon da ya ci doyar garin. A zana fadamu da gonaki masu kyau da burtali a cikin taswirar Minna da sunansu, a matsayin shiyyar noma ta dindindin, kamar yadda ake zana kasuwa da asibiti, a daina ɗaukarsu sararin da ke jiran gini. A sauƙaƙa wa ƙaramin manomi samun takardar gonarsa, har da saurarsa. A riga dillalai isa inda aka yarda gari ya bi, a yanka hanya da magudana tun kafin bulo ya sauka. In kuma an hana mutum sayar da gonarsa don amfanin gari, to, gari ya biya shi da wani abu: ruwan noman rani, da hanya, da rumfa a kasuwa. In an karɓa kuwa, a ba shi wata gonar ko rabo daga cikin fulotan da aka yanka. Hani ba tare da sakayya ba zalunci ne, ba zai kuma ɗore ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ranar da zan taso na biya ta tashar jirgin ƙasa, inda garin ya fara, na tsaya ina duban dutsen Paida da rufin kwanon da ya malala daga gindinsa har inda ido ya gaza. Daga nan na kama hanyar Suleja. Da muka iso wurin nan da na fara tsayawa, sai na tarar an girbe dawar, an ɗaure karan an jingine a jikin bulo, wata tifa kuma tana juye yashi a ƙofar. Na sayi doya goma a Paiko, mai sayarwa ta ce mini ta bana ta yi tsada. Na biya ban yi ciniki ba.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari tun da sauran gona a bakin gari, Ya ba manoma damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.